Layin Tsakiya

Afrilu a Sakkwato, fanka ta mutu,
mu sittin a aji, gumi na ɗiga kan takarda.
Malam Arzika ya zana bim a allo,
ya ɗora shi kan ginshiƙi biyu,
ya jero kibiyoyi suna nuni ƙasa,
ya rubuta wani harafin Girka
mai kama da sandar makiyayi,
ya ce sunansa tau.
Na kwafa tsaf. Hannu na gudu,
kai kuwa guga ne ba igiya
an sake shi cikin rijiya.

Ran Laraba ya shigo ba alli.
Ya karɓi littafin Balkisu mai kauri,
ya riƙe gefe da gefe, ya lanƙwasa.
"Ku dibi bakin takardun. Mi kunka gani?"
Sun saɓa, kowace ta zarce 'yar'uwarta
kamar matakalar bene.
"To da an manne su da gam fa?
Gam ɗin nan shi ka shan wahala.
Abin da yaka hanawa, shi muka awo.
Sunanai zamiya."

Daren nan na zauna da fitilar waya.
Na auna fatar sama, na sami sifili.
Na auna fatar ƙasa, sifili.
Na ce kuskure ne, na goge,
na sake gogewa har takarda ta huje.
Sai na bi ta layi-layi zuwa ciki,
lamba na kumbura kamar cikin tulu,
ba ta tsaya ba sai tsakiya.

Sama ana danne shi, ƙasa ana ja,
su ake gani, su ake yi wa sannu.
Layin tsakiya ba ya miƙewa, ba ya takurewa,
ka rantse zaman banza yake.
Ashe shi ke riƙe da na bisa
kada ya sulluɓe wa na ƙasa,
bakinsa gum, ba hayaniya.

An tura mu koyon aiki a Arkilla,
wani bene da bai kai dakin ba.
Baba Nomau na ɗaurin rodi,
waya a haƙori, yatsu duk kanta.
Zobba a matse kusa da ginshiƙi,
can tsakar tsawo ya ba su tazara.
Na ce, "Baba, wa ya koya maka?"
Ya tofar da waya. "Tsaga ta.
Na gan ta wani shago, a karkace,
ta taso daga inda anka jingina.
Ba tsakar ɗaki taka farawa ba, ɗiyata,
kusa ga mai tallafi taka ɓuya."

Na dawo gida bayan isha'i.
Yaya Modi na kan tabarma,
warin albasa bai bar hannunsa ba
tun shekarar da ya ajiye jakar makaranta.
Yana ƙirga cinikin yini kashi uku:
maganin Baba, hatsin gida,
na ukun ya naɗe da roba
ya tura gabana bai ɗago ba.
Tsofaffi biyu a samansa,
mu biyar a ƙasansa,
ba wanda ya taɓa tambayar lafiya.

Na tsura wa goshinsa ido
ina neman layin nan mai karkata.
Ya ce, "Mi kika kallo?"
Na ce, "Ba komi."
Na ɗebo masa ruwa a randa,
na zauna kusa, kusa ƙwarai,
yadda Baba Nomau ke jera zobe.

Gobe jarrabawa, ƙarfe tara.
In tau ya fito, ba zan goge ba.
Na san gidansu,
na san wanda ke kwana
a layin tsakiya.